Kwanon da Ke Dawowa a Suɗe

Abu na farko da aka yi mana a Omdurman shi ne yanka rago. Ko jakunkunanmu ba a gama saukewa daga mota ba, sai ga maza biyu sun kayar da shi a bakin ƙofa, aka yi bisimilla aka yanka, aka ce mu tsallaka jinin mu shiga gida. Na tattare zanena na tsallaka, Malam yana dafe da kafaɗata saboda kumburin ƙafa. A jakata kuwa akwai takardar likitanmu na Zariya, wadda ta ce mutumin nan ya yi nesa da nama. Na yi dariya tare da kowa, har da yi musu godiya.

Malam Nasiru mijina ne, tela ne, shekararmu goma sha huɗu da aure a lokacin. Ciwon ƙoda ne ya kai mu Sudan, tun kafin yaƙin nan ya tarwatsa garin. An ce mana akwai ƙwararrun likitoci a can, ga kuma 'yan'uwa da za mu sauka wurinsu. Na bar 'ya'yana uku a hannun mahaifiyata, na ɗauki hutu daga makarantar 'yan mata inda nake koyar da girki. Abu ɗaya tak na je nema: kada a ɗora mijina a kan injin wankin ƙoda. Na ga yadda injin nan ya mayar da wani maƙwabcinmu, sau biyu a mako ana ɗaukarsa ana dawo da shi kamar tsumma, kuma na yi wa kaina alkawari Malam ba zai kai nan ba in dai da abin da hannuna zai iya.

Mai masaukinmu Haj Bashir ne. Kakansa da kakan Malam uwa ɗaya uba ɗaya suke. Nasa kakan ya tafi Makka a ƙasa, a hanyar dawowa ya yada zango a nan, ya yi aure, bai sake ganin Zazzau ba. Haj Bashir ƙato ne mai tumbi, yana tafiya da sanda saboda ciwon gwiwa, in ya yi dariya sai a ji shi a gida na uku. Sana'arsa agashe, wato tsiren can, wanda Hausawa suka kai musu. Yana da rumfa kusa da Kasuwar Libiya, kuma komai na gidansa ƙamshin yaji da ƙuli-ƙuli yake, har labule da matashin kai.

"Wad ammi! Ɗan baffana!" Ya rungume Malam har ya kusa ɗaga shi daga ƙasa. "Kun zo gida, halas, shi ke nan. Ya Ustaza, ki kwantar da hankali, ma fi mushkila, ba matsala."

Ustaza yake ce mini, saboda an gaya masa ni malamar makaranta ce. Matarsa Hajja Amna ta kama hannuna ta shige da ni ciki, ta shafa mini turarenta, ta ce daga yau ita ce uwata a garin nan. Ni kuwa da nake kewar tawa uwar tun a jirgi, nan take na ba ta zuciyata gaba ɗaya.

Gidan kashi biyu ne. A gaba akwai daiwan, babban ɗakin maza mai ƙofarsa ta waje. A baya akwai sashen mata da rumfar girki. Tsakaninsu katanga ce mai ƙaramar ƙofa. Abinci a kan siniya yake tafiya, wani faffaɗan faranti da ake jera ƙananan kwanoni a kai. Hajja ta kai shi bakin ƙofar, Haj ya karɓa, ƙofa ta rufe. Mace ba ta leƙa abin da ake yi a ciki.

Kwana uku da isowarmu muka tafi asibiti a Soba. Daga yammacin Omdurman zuwa can tafiya ce ta gaske, a tsallaka gada, a ratsa Khartoum, a sake wata motar, ga iskar da ke shigowa ta taga ita ma ƙuna take. Likitar mace ce siririya mai tabarau, kowa Daktora yake ce mata. Da Turanci muka yi magana.

"Ba zan yi muku alkawarin warkewa ba," in ji ta. "Ƙodar da ta gaji ba ta komawa sabuwa. Amma in muka rage mata kaya, tana iya kai shi wasu shekaru ba tare da inji ba. Zan ba shi magani, sai dai rabin aikin a tukunyarki yake. Ba nama, ba kifi, ba dunƙulen miya, gishiri kaɗan."

Malam ya ɗago kai a hankali. "Ko romo?"

"Ko romo."

Ganin fuskarsa ta faɗi, sai ta ajiye biro ta yi mana bayani. Ta ce masu barin nama iri-iri ne. Akwai masu barinsa su ci gaba da ƙwai da madara. Akwai masu shan madara amma ko ƙwai ba sa taɓawa, kamar Indiyawan da ke da shaguna a tsohuwar kasuwar Omdurman tun kaka da kakanni. Akwai waɗanda duk abin da ya fito daga jikin dabba ba sa ci, yadda Kiristocin Ƙibɗawa na garin ke yi a kwanakin azuminsu, kuma ba wanda ya faɗi ya mutu. Malam ta sa shi a sahun farko, madara kaɗan, ƙwai jefi-jefi. Ta ce irin wannan ci yana taimakawa wajen saukar da hawan jini da daidaita suga, yana rage kitsen da ke toshe hanyoyin jini, ga sauƙin bayan gida. Amma ta ja mini kunne cewa mai ciwon ƙoda ko ganye sai da awo. Wake da kofin shayi zan auna, ganye kuma in tafasa in zubar da ruwan farko. Na cika shafi huɗu da rubutu. Wannan fagena ne, na fito daga ɗakin nan da ƙarfina.

Da muka koma na nemi Haj ya shigo tsakar gida, na karanta masa takardar a gaban Hajja.

"La haula!" Ya buga sanda a ƙasa. "Baƙo a gidan mai agashe ya ci ganye kamar akuya? Mutanen unguwa su ce me? Ya Ustaza, zol, mutum mara lafiya, nama yake so, nama ke kawo jini."

"Haj, naman nan shi zai kai shi kan inji," na ce. "Don Allah a taimake ni."

Ya dubi Malam, ya dube ni, sannan ya ɗora hannu a ka. "Tamam. Yadda Daktora ta ce, haka za a yi."

Na so Malam ya riƙa cin nasa a ɗakinmu, a gabana. Hajja ce ta ja ni gefe. "Aib, abin kunya ne, ya bitti, 'yata. Namiji ya ci shi kaɗai a ɗaki kamar wanda aka ɗaure? Za a ce mun kore shi daga cikin maza. Ki yi masa kwanonsa daban, ni da hannuna zan ɗora shi a siniya." Maganar ta shige ni, don ko a gida Malam ba ya son cin abinci shi kaɗai. Na amince.

Washegari na shiga Kasuwar Libiya neman kwano. Mai adaidaita da ya ji Larabcina na Islamiyya sai ya yi ta zagaye da ni, har na lura shagon katifa ɗaya na wuce sau uku. Na sauka na zazzaga masa Hausa, ya mayar mini da Larabci, ba wanda ya fahimci wani amma kowa ya huce. Na sayi farin kwano mai shuɗin baki da murfinsa, don kada ya ɓata a cikin na gidan.

A gefen kasuwar, inda mata ke baza kaya a ƙasa, wani wari ya tsayar da ni cak. Warin daddawa na ji, ko ɗan'uwansa. Mai kayan wata doguwar mace ce mai suna Halima, rikici ne ya koro su daga yammacin ƙasar. Ta ɗago wani baƙin dunƙule ta ce kawal ne. Ta nuna mini ganyen da ake yin sa, na duba, ashe tafasa ce, tafasar nan da ke fitowa a bayan gidanmu da damina. Ana daka ta a binne a tulu ta ruɓa, sannan a shanya. Ta ce a garinsu shi ne naman wanda ba shi da nama. Da na yi mata bayanin mijina da hannu da guntun Larabci, ta ƙara mini dunƙule biyu, ta dafa kaina ta yi addu'a. A nan cikin rana na tsaya ina share hawaye saboda warin miya. Na tuna kakata da ba ta ganin nama sai salla-salla, tuwo da miyar kuka da daddawa kawai, kuma har ta tsufa ita ke zuwa rijiya da kanta.

Daga nan na duƙufa. Su can babban abincin safe sai da hantsi ake ci, sai kuma na la'asar. Na koyi ful, waken nan nasu mai faɗi, in auna kofi ɗaya in murƙushe da man riɗi da albasa. Na koyi miyar adas, wasu ƙananan wake ja masu narkewa da wuri. In gasa baƙin yalo in kwaɓa shi da 'yar gyaɗa. In yi miyar busasshiyar kuɓewa da kawal, a ci da kisra, wata shimfiɗaɗɗiyar waina ta dawa mai laushi. Ranar da na samu lalo kuwa sai in ji ni a Zariya. Duk abin da na sa a tukunya sai na rubuta a littafi saboda Daktora. Hajja tana gefe tana soya nata naman tana tsokanata: "Ustaza za ta mai da ɗan'uwanmu zomo." Ni ma in rama, in ce gara zomon, ya fi rago gudu.

Kwanon kuwa kullum a suɗe yake dawowa, tas. Ba zan iya kwatanta daɗin da nake ji in na ɗaga murfin ba. In Malam ya shigo ɗaki in ce, "Malam, ya abincin?" Ya ce, "Ya yi daɗi, Binta, Allah ya yi albarka," yana goga asuwaki. Sabon hali ne wannan asuwakin bayan kowane ci, na ɗauka zama da dattawan daiwan ne ya ƙara masa riƙon sunna. Ƙamshin yaji a rigarsa bai dame ni ba, tunda ni ma mayafina haka yake. Malam mutum ne da ba ya iya cewa a'a, ko mai talla ya matsa masa sai ya saya, amma ƙarya ban san shi da ita ba.

Wata rana Haj ya tsaya a bakin ƙaramar ƙofa yana miƙo siniya, ya ce, "Ya Ustaza, ɗan baffana ya ce a ƙara lemun tsami a ful ɗin nan." Na yi mamaki, don Malam ko kunun tsamiya ba ya sha. Na ce ciwo ne ke sauya wa mutum baki. Na ƙara lemun tsami.

Da wata ya cika muka koma Soba. Sakamakon gwaji bai yi kyau ba. Daktora ta duba littafina ta yaba, ta ce mu ƙara haƙuri. Na dawo ina zargin kaina. Na ce ko gishirin ne, na ƙara ragewa. Ko waken ne, na rage kofin. Ni ma na daina cin nama, don na ga bai dace in ci abin da na hana mijina ba. Na rame, idona ya faɗa, Hajja tana cewa, "Ki ci abinci, ya bitti, za ki kashe kanki."

A lokacin ne na tuna dambun zogale. Shi ne abincin da Malam ya fi so a duniya, irin na mahaifiyarsa mai rasuwa. Halima ta ce in ina son ɗanyen zogale sai dai in je Aljirif, can gabashin Khartoum a bakin kogi, inda ake lambu. Ni kaɗai na tafi, mota uku. A ta biyu jiri ya ɗebe ni saboda zafi, na farfaɗo na ga kaina a cinyar wata mata da ban sani ba tana yi mini fifita da gefen mayafinta. Na sauka a wurin masu gasa jan bulo, hayaƙi yana shiga ido, na gangara har lambu. Wani tsoho na tarar yana ban ruwa. Ina ta fama da Larabcina, sai ya dube ni ya ce, "'Yata, yi Hausarki, ina ji." Ya sare mini zogale runguma guda, ya ƙi karɓar komai. Da ya ji daga Zariya nake, tambaya ɗaya ya yi mini, wai har yanzu ana yin ruwa a Zazzau yadda babansa ke ba su labari?

Washegari na yi dambun da tsakin masara, na zuba a farin kwano ina ta murmushi ni kaɗai. Ya dawo a suɗe. Da Malam ya shigo na zauna kusa da shi.

"Malam, yau fa? Ka tuna da wa?"

Ya dube ni kamar ɗalibin da bai yi bita ba. "Ai... kisrar ta yi laushi sosai."

"Wace kisra? Dambu na yi maka."

"Au, dambun. Eh, ya yi daɗi."

Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka, wai ciwo ya fara taɓa masa tunani. Kai, ni dai Binta an yi wawuya. A daidai kwanakin nan fa Haj Bashir ya fara manta sandarsa a masallaci, jallabiyarsa ta fara yi masa yawa, Hajja tana yi masa tsiya wai ya koma saurayi. Da idona na gani, na ma taya su dariya.

Ranar da wata biyu ya cika, Haj ya ce zai raka mu Soba, tunda shi ma yana da ganin likitan hawan jini da suga a can. Ya bar mu a ƙofar Daktora ya wuce nasa sashen. Ƙafafun Malam ranar ko takalmi ba su shiga ba.

Daktora ta daɗe tana kallon takardar gwaji, sannan ta cire tabarau.

"Mutumin nan yana cin nama."

"Ba ya ci," na ce.

"Jininsa da fitsarinsa ne suka faɗa. Yana ci, kuma da gishiri mai yawa."

Nan raina ya tashi. Na miƙe na buga littafina a kan teburinta. Na ce mata wata biyu ina tsaye a gaban wuta, kowane wake sai da na auna, in maganinsu ne bai yi aiki ba ta faɗa kawai, kada ta ɗora mini. Na rantse da Allah ko romo bai taɓa harshensa ba. Ko kallona ba ta yi ba. Malam take kallo, shi kuma yana kallon ƙafafunsa. Ta ce a hankali lokaci ya ƙure, a shirya fara wanki cikin makon nan.

Muka fito baranda. Sai ga Haj Bashir ya taho daga can ƙarshe, ba sanda, yana kaɗa takarda a sama.

"Mabruk, ya jama'a, a taya ni murna! Daktor ya auna, ya sake aunawa, ya ce ya Haj, me ka yi? Jini ya sauka, suga ya sauka, har ƙwaya ɗaya ya rage mini! Ya ce me kake ci? Na ce masa wallai wata biyu ba abin da nake ci sai kwanon Ustaza..."

Maganar ta mutu a bakinsa. Hannun da ke riƙe da takarda ya sauko a hankali. Ni kuwa sai komai ya jeru a gabana, lemun tsami, asuwaki, kisrar da ta yi laushi. Ban yi ihu ba. Na nemi benci na zauna.

Muka tsallako gada muka koma Omdurman. Ina shiga gida na wuce rumfa. Hajja tana ganin fuskata ta ajiye muciya.

"Ya bitti, zauna..."

"Hajja, kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani." Ta fara hawaye. "Ranar farko aka buɗe kwanon a gaban maƙwabta, suka yi dariya, wai gidan Haj Bashir ya talauce. Haj ya ji kunya, ya tura wa mijinki agashe, ya rantse da saki. Ya ce alayya ɗalag, in ɗan baffansa bai ci ba ni na saku. Haka mazanmu suke wa baƙo, ya bitti. Shekara talatin da biyar ina gidan nan. Kina so mijinki ya fitar da ni saboda tsoka ɗaya? Shi kuma Haj ya ɗauki kwanon ya cinye don kada ranki ya ɓaci. Wallai a ganinsa karamci yake, ya bar wa baƙo mai kyau, shi ya ci mara kyau."

"Ke kuma da hannunki kike ɗora shi a siniya. Kina kallo na tafi Aljirif. Kina kallo ina rage gishiri ina zargin kaina. Kika ce ke ce uwata."

"Malesh," ta ce. Kalmar ban haƙurin da suke faɗa ko ƙafarka aka taka a mota, ita ta ba ni.

Na shiga ɗaki. Malam yana zaune a bakin gado ya sunkuyar da kai. Har a lokacin ina nema masa uzuri a zuciyata, ina cewa an ɗaure shi da rantsuwa ne, kowa ya san kunyarsa.

"Malam, kwana sittin, kullum sai ya rantse da auren Hajja?"

Ya kawar da kai gefe.

"Tambayarka nake."

"Ranar farko ce kawai," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Washegari ba wanda ya ce mini komai. Ni na miƙa hannu. Binta, ina zaune ƙamshin yana dukana, kowa yana ci... Kullum sai in ce gobe zan daina, gobe zan gaya miki."

Da Haj ne kaɗai, da na ce son a yabe shi ne. Da Hajja ce kaɗai, da na ce tsoron mijinta ne. Amma wannan mutumin saboda shi na baro 'ya'yana, kuma sau biyu a rana yana duban idona yana sa mini albarka a kan abincin da ko murfinsa bai buɗe ba. Mutum uku suka ci amanata a gidan nan, kowa da murmushinsa, kuma ta Malam ce ta fi yi mini ciwo. 

A makon muka tattara muka koma wani ɗaki kusa da asibiti. Haj ya biyo mu har bakin mota yana roƙo, har ya buɗe baki zai sake rantsuwa. Na ɗaga masa hannu. "Haj, kada ka soma. Wannan karon ko ka rantse tafiya zan yi, sai dai ka nemi malamai." Ya rufe bakinsa. Farin kwanon a rumfa na bar shi.

Na koma na ba Daktora haƙuri. Ta ce ba wanda zai iya tabbatarwa abinci kaɗai zai hana injin, wataƙila jinkirta shi kawai zai yi. Don ta sanyaya mini rai ta faɗa, amma jinkirin nan ai shi na zo nema. Ranar da aka fara ɗora Malam, na zauna ina kallon jininsa yana fita ta wani siririn bututu yana komawa ta wani. Ya miƙo hannun da ba a soka ba, na ba shi nawa, sai dai ban dube shi ba.

Ana saura kwana biyu mu dawo gida Hajja ta zo, ita kaɗai. Ta fito da farin kwanon daga cikin mayafinta. Na ɗauka dawo mini da shi ta yi. Ashe roƙo ta zo: tun da muka tashi Haj ya koma nama, gwiwa ta dawo, ya ɗauko sanda. Wai in koya mata yadda nake yi. Na daɗe ina kallonta, zuciyata tana cewa in kore ta. Sai dai ni malama ce, ban iya a tambaye ni girki in ƙi ba. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, ful da adas da kawal, da inda Halima ke zama, har da lemun tsamin da mijinta ke so. Ta tafi da kwanon. Ban raka ta ba.

Yanzu muna Zariya. Sau biyu a mako nake kai Malam wanki, keken ɗinkinsa yana lulluɓe da zani a zaure. Abinci kuwa kwano ɗaya muke ci ni da shi, ko da baƙi sun zo. Kwanan baya ina zaune a barandar asibiti saƙon murya ya shigo wayata daga wata baƙuwar lamba. Haj Bashir ne. Yaƙi ya kore su daga Omdurman, ya ce sun yi doguwar tafiya a ƙasa kafin su sami mota, kuma shi da ake tsoron ba zai iya ba, shi ya riƙa ɗaukar kayan Hajja. Muryar tana nan yadda na san ta. "Ya Ustaza, Allah ya saka miki. Ba don kwanonki ba da gwiwar nan ta bar ni a hanya. Wallai abincinki magani ne, ki gaya wa kowa."

Na saurara har ƙarshe. Ai na san magani ne, ban taɓa shakka ba. Na kashe wayar na koma ciki, don saura awa biyu a sauke Malam daga kan inji, kuma ƙafafunsa kan yi sanyi in ba a rufe su ba.